Lissafin tsiro da ruwa idan ka sauya hanyar jiƙo da ɗauraya

"Yallaɓai, barka da aiki. Daga Sabon Tasha nake rubuto maka. Na samu tsarin haɗa giyar sha'ir ta gida wanda aka rubuta don lita 20, kauri 1.050, da tsiro kilo 4.2. Mai tsarin yana jiƙa tsironsa a kula mai famfo, sannan ya riƙa yayyafa ruwan zafi a kai yana tacewa. Ni ba ni da wannan kayan, tukunya ɗaya gare ni da jakar yadi, sai na zuba ruwan duka lokaci guda a digiri 73 kamar yadda ya rubuta. Sau biyu ke nan ina samun 1.040, kuma bayan ta nuna sai in ji zaƙi-zaƙi a ƙasa, ɗacin ma ya fi yadda nake so. In ƙara tsiro ne? Nawa? Sannan sha'ir ya yi tsada, ina so in koma dawa. Lissafin ɗaya ne?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce: yadda ake ɗauko tsarin da aka rubuta don ɗaurayar yayyafi a mayar da shi jiƙon jaka, da kuma abin da ke sauyawa idan dawa ta maye gurbin sha'ir. Ta farkon lissafi ne kawai. Ta biyun sai hanyar aikin kanta ta sauya. Kuma kada ka yi saurin sayen ƙarin tsiro, domin lambobin da ka turo suna nuna cewa rabin matsalar ba ta yawan tsiro ba ce.

Abin da ake ɗauka daga tsarin wani

Duk tsarin haɗi da ka gani, an auna shi ne a tukunyar mai shi. Kilo 4.2 ɗin nan ya dace ne da mutumin da ke fitar da kashi 80 cikin ɗari na zaƙin da ke cikin tsironsa. Abin da za ka ɗauka daga wurinsa shi ne jimillar zaƙin da ake bukata, da rabon nau'o'in tsiron. Sauran kuwa, wato kilo nawa, lita nawa, digiri nawa, kai za ka fitar da naka.

Ana ƙirga zaƙin da maki, daga kauri, wato nauyin ruwa mai sukari idan aka gwada shi da na ruwa zalla, wanda yake 1.000. Kauri 1.050 maki 50 ne a kowace lita, lita 20 kuwa maki 1,000 ke nan. Kilo ɗaya na farin tsiron sha'ir mai kyau yana ɗauke da kusan maki 300 idan an tatse shi sarai, abin da ba ya faruwa a gida. Mai tsarin ya raba 1,000 da 240, wato kashi 80 na 300, ya samu kilo 4.2. Kai kuma ka samu maki 40 sau 20, 800 ke nan, daga tsiron da ke ɗauke da 1,260. Kason tatsarka ya tsaya a wajen kashi 64.

Idan aka bi lissafi ido rufe, za a ce ka ninka komai da 1.25, ka zuba kilo 5.2 ko 5.3, kuma za ka kusanci 1.050. Amma kuɗin kilo guda ne za ka riƙa zubar wa awaki a dusa duk dahuwa.

Ina zaƙin ya maƙale

Wuri biyu zaƙi ke ɓacewa. Ko dai sitacin bai gama komawa sukari ba tun a jiƙo, ko kuma ya koma amma ya tafi da jiƙaƙƙiyar dusa. Ana rarrabe su da awo ɗaya, kuma jiƙon jaka ya fi kowace hanya sauƙin wannan awon tunda ruwan duka yana tukunya guda. Da kilo 4.2 da ruwa lita 26.5, sukarin da ya narke yana ƙara kusan lita 2 ga yawan ruwan, don haka idan komai ya narke ma'auni zai nuna wajen 1.043 ko 1.044 kafin ka ɗaga jaka. Idan aka raba maki 800 da ka samu da lita 24 na kafin tafasa, ruwanka a lokacin bai wuce 1.033 ba. Wannan giɓi na maki goma a jiƙo ya faru, tun kafin a zo maganar ɗauraya.

Babban wanda ake zargi shi ne ɓarza. Tsiron da ake sayarwa ɓarzajje an yi shi ne don masu kula da famfo, waɗanda ke bukatar ɓawon sha'ir ya zauna gaba ɗayansa ya zama matata. Kai jakarka ce matatarka, saboda haka kana iya ɓarza ya fi haka laushi. Ɗebi tafin hannu guda ka baza a faranti. Idan ka ga ƙwayoyi da yawa ba su fashe ba, ko ka murza wanda ya yi kama da ɓawo ka tarar da farin ciki a kulle, ka kama ɓarawonka. Abin da ake so shi ne tsaki irin na dambu da ɗan gari a ciki. Idan injin unguwa za ka kai, ka tsaya a kan mai injin, domin hannunsa ya saba da garin tuwo, kuma ka tabbata ba barkono ko daddawa aka niƙa kafin naka ba. Gari zalla yana toshe idon jaka, ka ɗaga ta ka ga ta kumbura kamar salka ba ta ɗiga.

Na biyu zafi ne, kuma shi ya jawo zaƙi-zaƙin da kake ji. Enzayim biyu, wato sinadaran da ke mayar da sitaci sukari, ke aikin a tsiro. Beta amilas tana yanko sukarin da yis ke iya ci, tana jin daɗin aiki tsakanin digiri 60 da 65, kuma tana mutuwa da sauri idan aka kai 70. Alfa amilas tana sassare sitaci gunduwa-gunduwa, ta fi son 68 zuwa 72, amma yawancin abin da take bari yis ba ya iya cinye shi. Mai tsarin ya ce 73 ne saboda ruwansa kaɗan ne, lita 3 ga kowane kilo, kuma tsironsa na ajiye a ɗaki mai sanyi, sai tsiron ya janyo zafin ya sauko 66. Kai ka zuba sama da lita 6 ga kowane kilo, a kan tsiron da ya kwana a zafin Kaduna na digiri 30. Jiƙonka ya tsaya a wajen 70. Beta ta mutu da wuri, alfa ta yi aikinta ita kaɗai.

Ga yadda ake fitar da zafin ruwan zubi. Ka raba 0.41 da yawan litar ruwa a kowane kilo, ka ninka da tazarar da ke tsakanin zafin tsiro da zafin da kake nema, ka ɗora a kan zafin da kake nema. Ga jaka, lita 5.9 a kilo, tsiro a 30, ana neman 66: amsa 68.5. Ga jiƙo mai kauri na lita 3 a kilo: 71. Da sanyin safiyar hunturu, lokacin da tsiro ke iya sauka zuwa 18, wannan na biyun ya koma kusan 72.5. Ka gwada ma'aunin zafinka a tafasasshen ruwa, amma kada ka jefar da shi don ya nuna 98. Kaduna tana kan tudu na kusan mita 600, kuma a irin wannan tudun a wajen 98 ruwa ke tafasa.

Akwai na uku da ba a cika kula da shi ba. Jiƙo yana son ɗan tsami, pH 5.2 zuwa 5.6 (pH awon tsami ne, lambar na sauka tsami na ƙaruwa). Tsiro da kansa yana saukar da shi, amma idan ka ninka ruwa a kan tsiro iri ɗaya, ka ninka abin da ke cikin ruwan mai kashe tsami. Ruwan burtsatse na wannan unguwa daban da na waccan, har na damina daban da na rani, don haka takardar awon pH ce kawai za ta faɗa maka gaskiya. Auna bayan minti goma da zuba tsiro, a samfurin da ya huce. Idan ya haura 5.7, ɗiga ruwan laktik asid mililita ɗaya, ka juya, ka sake aunawa. Idan ruwan famfo ne mai warin kulorin, tara shi a buɗe tun daren jiya.

Da zarar ka gyara ɓarza da zafi, ka bar jiƙon minti 75 zuwa 90 kana juyawa sau biyu ko uku, jaka tana ba da kashi 70 zuwa 75 ba tare da wahala ba. A kashi 72, tsiron da kake bukata kilo 4.6 ne.

Ruwa, hanya-hanya

Daga ƙarshe ake faro lissafin ruwa. Kana son lita 20 bayan tafasa. Tukunya mai faɗin baki irin wadda ake wannan aikin da ita tana ƙone lita 3 zuwa 4 a awa, kuma da hunturu, ko a kan wutar itace mai ƙarfi, takan wuce haka. Mu ɗauka 4. Kana bukatar lita 24 kafin tafasa ko ta wace hanya ka bi. Inda hanyoyin suka rabu shi ne abin da dusa ke sha.

Jakar da aka rataye aka matse tana riƙe kusan lita 0.6 a kowane kilo, wato 2.8 ga kilo 4.6. Ruwanka lita 27 ke nan. Tsiron kansa zai ci wurin lita 3, don haka tukunyar da ba ta kai lita 35 ba za ta yi maka ambaliya. Idan taka ƙarama ce, jiƙa da lita 19, ka ajiye 8 a bokiti mai tsabta, ka tsoma jakar a ciki minti goma kana motsawa, ka haɗa ruwan biyu. Wannan tsomawar takan ƙara maka maki biyu ko uku a kyauta. Game da matse jaka kuma, wasu na cewa yana kawo bauri. Abin da ke fitar da bauri daga ɓawo shi ne ruwa mai zafi fiye da kima haɗe da pH da ya haura, matsa da hannu ba ya cikin lissafin. Sa safar roba mai kauri ka matse.

Idan wata rana ka sa wa kula famfo da matata, mafi sauƙi shi ne ɗaurayar zubi: ka tsiyaye ruwan farko duka, ka zuba sabon ruwa lokaci guda, ka juya, ka bar shi minti goma, ka sake tsiyayewa. Tana ba da wajen kashi 75 zuwa 78, kilo 4.4 ya isa. A nan dusa ba ta matsuwa, tana shan lita ɗaya a kilo, kuma wajen lita ɗaya yakan kwanta ƙasan bakin famfo. Sirrin hanyar shi ne tsiyayen biyu su zo daidai, 12 da 12. Jiƙa da lita 13, kafin ka buɗe famfo ka ƙara lita 4.4 na ruwan zafi, sai zubi na biyu lita 12. Kofunan farko da za su fito da gari ka mayar da su sama a hankali har ruwan ya washe.

Ɗaurayar yayyafi, wadda mai tsarinka ke yi, ita ta fi tatsa amma ta fi saurin ɓaci. Ruwa a digiri 75 zuwa 77, yana shiga daidai da yadda yake fita, tsawon minti 45 zuwa awa guda, kuma a tsaya idan abin da ke fitowa ya sauko 1.010. A ganina, ga lita 20, gram ɗari biyu na tsiro da take ceto maka bai kai wahalarta ba.

Sai rabon tsiro. A ce kilo 4.2 ɗin nan 3.8 fari ne, 0.3 mai ruwan zuma (launinsa ke nan), 0.1 gasasshe baƙi. Idan bambancin tatsa daga ɗauraya ya zo, launi da ɗanɗano ma suna tafiya da dusa daidai da sukari, don haka ka ninka duka ukun da adadi ɗaya: 80 a raba da 72, wato 1.11. Idan kuwa matsalar rashin narkewar sitaci ce, mai ruwan zuma da baƙin ba su damu da enzayim ba, suna sakin abin da ke jikinsu ko ta yaya, kuma ninka su zai ba ka giya mai duhu da ƙauri fiye da yadda aka tsara. Wannan wani dalili ne na gyara jiƙo kafin taɓa sikeli.

Furen hops, wanda ke ba giya ɗaci, ba ya bukatar sauyi muddin ka dawo lita 20 a 1.050. Ɗacin da ya dame ka ya fito ne saboda an auna shi don ya tsaya gaban maki 50, sai ya tarar da 40.

Idan rana ta zo da gardama

Auna kauri da yawan ruwa kafin ka zuba hops, ka ninka su. Lita 24 a 1.042 shi ne alamar kana kan hanya. Ma'aunin kauri an daidaita shi ne a digiri 20 ko ƙasa da haka, an rubuta a jikinsa. Samfurin da ke 30 zai nuna ƙasa da gaskiya da maki biyu zuwa uku, na 35 da wajen huɗu, mai zafi sosai kuwa ba a karanta shi sam. Sanyaya shi a kofin silba cikin ruwan randa.

Idan makin bai cika ba, hanya mafi tsabta ita ce ka yarda da ƙarancin lita. Maki 800 lita 16 ne a 1.050: ka tsawaita tafasa kafin hops ya shiga, ka rage hops ɗin da kashi ɗaya cikin biyar. Sukarin shayi yana ba da maki 384 a kilo, kuma gram 250 ba zai yi illa ba. Rabin kilo kuwa zai bar ka da abin sha mai ƙarfi marar jiki.

Dawa

A nan lissafi kaɗai ba zai fisshe ka ba. Sitacin sha'ir yana kumbura ya buɗe a wajen digiri 58 zuwa 65, daidai inda enzayim ɗinsa ke aiki, shi ya sa jiƙo ɗaya a 66 ke wadatarwa. Sitacin dawa sai an kai wajen 70 zuwa 80 yake buɗewa, kuma a wannan zafin enzayim sun mutu ko suna kan mutuwa. Ga shi tsiron dawa dama ba shi da beta amilas da yawa. Idan ka bi da shi yadda kake bi da sha'ir, za ka samu farin ruwa mai sitaci da kauri ƙasa da abin da ka nema. Wannan ita ce matsalar da kamfanonin giya na ƙasar nan suka fuskanta bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, lokacin da suka koma kan dawa, suka dogara da enzayim na kwalba da dafa hatsin daban. Masu dafa burukutu da fito kuwa sun daɗe da tasu dabarar: a tsiyaye ruwan sama, a dafa na ƙasa, a sake haɗawa.

Ga yadda ake yi da awo. Tsiron dawa kilo 5, ɓarzajje da laushi, a ruwa lita 15, jiƙon ya tsaya tsakanin 45 da 50. Juya lokaci-lokaci har minti 30, enzayim suna narkewa cikin ruwan. Bar shi ya kwanta minti 20 zuwa 30. Kwashe ruwan sama da kofi a hankali, wajen lita 7, ka rufe shi gefe. Ƙara lita 4 na ruwa a kan mai kaurin, ka ɗora a wuta kana tuƙawa da muciya ba tsayawa, domin zai yi kauri kamar talge kuma yana kama gindin tukunya cikin minti ɗaya. Ƙauri idan ya shiga ba ya fita. Ya tafasa minti 15 zuwa 20. Sauke, ka bar shi ya huce zuwa 75, sannan ka mayar da ruwan da ka ajiye kana juyawa da sauri. Zai sauka wajen 63, kuma a gaban idonka za ka ga talgen ya saki ya zama ruwa. Riƙe shi a nan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tukunya naɗe da bargo, sannan ka ɗaga zuwa 70 ko 72 na minti 20 zuwa 30. Ɗiga ayodin na kemis a kan cokali guda a farin faranti: idan ya yi baƙi-shuɗi da sauran sitaci, ƙara lokaci. Wannan samfurin zubar da shi ake yi.

Ruwan da ka ajiye gefe kada ya wuce awa ɗaya da rabi. A zafin bazara ƙwayoyin tsami suna tashi a cikinsa da sauri. Mai burukutu tsamin take nema, shi ya sa take barin nata ya kwana, amma tsarin da ke hannunka ba na giya mai tsami ba ne.

Dawa ba ta da ɓawon da zai zama matata, don haka jakarka ta fi kula dacewa da ita. Wanda ya nace sai kula, ya haɗa ƙaiƙayin shinkafa wankakke, wajen gram 50 zuwa 100 ga kowane kilo. Wajen lissafi, tsiron da aka yi a gida ba ya da tabbas irin na kamfani. Ni da maki 250 a kilo da tatsa kashi 65 nake fara sabon buhu, wato kilo 6 da ɗan ɗori don maki 1,000, sai dahuwar farko ta gyara mini lambar. Ban ga dawarka ba, ban ga yadda aka tsirar da ita ba, saboda haka ka ɗauki wannan a matsayin wurin farawa, ka ƙara ruwan matakan da ke sama gwargwadon kilon da ka zuba.

Farfara da kaura sun fi ba da ɗanɗano mai laushi, wasu nau'o'in jar dawa kuwa suna da bauri. Idan kai za ka tsirar, kwana huɗu zuwa biyar ya isa, ka shanya a baje sosai, kada zafin busarwa ya wuce wajen digiri 50. Bayan ya bushe ka murje saiwa da tsiron da suka fito, ka sheƙe su tas. Gubar da ke sa makiyaya hana shanu cin gyauron dawa tana taruwa ne a waɗannan sassan. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, kore ko baƙi, ba a wanke ta a yi amfani da ita, zubarwa ake yi.

Tunda tsada ce ta koro ka, akwai hanyar tsakiya da ta fi sauƙi: sha'ir kashi 65 zuwa 70, ɗanyar dawa wadda ba a tsirar ba kashi 30 zuwa 35. Ka ɓarza dawar, ka haɗa ta da tafi biyu na tsiron sha'ir a ruwa lita 4 ga kowane kilo, ka tsaya a 70 na minti 15 don kada ta daskare, ka tafasa minti 20 zuwa 30, sannan ka juye ta cikin jiƙon sha'ir. Farin tsiron sha'ir yana da enzayim da ya ishe shi ya ishi wannan kason. Ka tuna dafaffiyar dawar tana shigowa da zafinta, don haka ruwan babbar tukunya ya fara daga wajen digiri 60, ka zuba dawar kaɗan-kaɗan kana aunawa har ka kai 65. Ruwan da ka dafa ta da shi kuma ka cire shi daga lita 27 ɗin nan.